Sun Aske Miki Rufin Ɗaki, Kaka

Zuwa ga Kaka Dije, matata ta farko, wadda ta riga mu gidan gaskiya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, mijinki na banza ne, Ila, jikanki mai ɓoye miki goro. Yau ban zo da tsokana ba. Ƙara na kawo, ƙarar ɗanki Kawu Alhaji.

Kin tuna sa'ad da ya gina muku ɗakin siminti a unguwar Zariya, ke da mijinki na gaske, Malam Tsoho, aka zuba mashi rufin dal, wato na kankare? Duk unguwa sun zo barka. Ke kuwa kika leƙa da azahar, kika fito kina fifita da gefen mayafi, kika ce wanga ba ɗaki ba ne, tandun gashin burodi ne.

Sai kika sa aka kawo ƙasa daga Jiratawa a amalanke. Ni na hau da ita tsani kwano-kwano, ina ce miki ko sadaki bai kai wannan wahala ba. Muka shimfiɗa tsofaffin buhuna, muka zuba, kika shuka duma da kabewa da yakuwa. Mutane suka ce tsufa ya taɓa ki.

Kafin damina ta raba, ganye ya rufe saman gaba ɗaya, har yana leƙo taga. Mai shiga ɗakin sai ya ji kamar ya tsoma ƙafa a randa. Ruwan sama da ke zubowa ta indararo yana cinye katangar maƙwabta ya ragu, ƙasar na shanye rabinsa. Tsuntsaye suka dawo, zuma na yawo a furen kabewa. Da rani ma ba ki bari ya mutu ba, ruwan wanke hatsi da na alwala duk sama ake kai su. Kina cewa ɗaki ma yana son hula.

To ga abin da ya faru bayanki. Siyasa ta shigo gari, kowa da partinsa, ɗanki ya ce kujerar depite yake so, ya shiga majalisa. Wata rana a wurin miting wasu 'yan adawa suka yi mashi ba'a, wai ko rufin gidan ubansa kore ne, launin tutarsu, gidan ma ya juya mashi baya. Wallahi Kaka, iyakar maganar ke nan. Ni da bakina na faɗi abin da ya fi wannan a kan mutane, ba wanda ya mutu.

Washegari ya turo matasa da shebur. Suka tuge duman da 'ya'yansa a jiki, suka watso ƙasar cikin lungu kamar shara. Suka kafa tuta da lasifika. Babban mutum, mai motoci har Kano, ya ji tsoron kabewa. Na tsaya ina kallo. Na yi magana, aka ce mi yaro ya sani.

Yanzu bazara ce. Ɗakin ya koma yadda kika same shi, Malam Tsoho kuma yana kwance a ciki, tari ba ya barinsa. Kin san rantsuwarsa: a ɗakin da kika cika, nan za a ɗauke shi. Kawu ya aiko da bantilater, fanka sabuwa fil a kwalinta, sai dai kuran ɗin garin nan, wutar lantarkin, kullum a ɗauke, in ba yajin aiki ba to wani abu ya lalace. Tana nan a kusurwa, mun rataya mata tasbaha.

Na jiƙa buhuna na shimfiɗa a sama, rana ta busar da su kafin in sauko. Na roƙi a bar ni in maida ƙasar, Kawu ya ce sai bayan zaɓe. Kamar zafi ya san zaɓe.

Jiya numfashin Malam Tsoho ya yi sama-sama, Gwaggo Hajo, 'yarku ta Tsibiri, ta ce ba za ta zuba ido a dafa mata uba ba. Yau da hantsi muka fito da shi don a kai shi gidanta. Bai yi gardama ba, ba shi da ƙarfinta. Da muka sa shi a mota na ce mashi ya tafi kawai, dama ni kika fi so, yanzu gidan ya zama nawa. Kin san shi, da sai ya lalubo sanda. Yau ya dube ni kurum, ya dubi ƙofar ɗakin, ya rufe ido.

Na kulle ɗakin, Kaka. Ba kowa a ciki, lasifika na ta kira a sama.

Allah Ya sanyaya makwancinki, Ya yalwata shi. Allah Ya ba Tsoho sauƙi a inda muka kai shi, Ya yafe mana da muka kasa cika mashi rantsuwarsa. Kawu kuwa, ɗanki ne, ban iya ba tukuna, ke ki roƙa mashi.

Naki har kullum,
Ila.