Kada a Ba da Aron Gonata

Zuwa ga Yaya Muttaka, a Kona.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da Inna, da su Zara'u. Ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau nake a Yamai, aiki sai godiya.

Abin da kuka ji a rediyo gaskiya ne, an ƙara mafi ƙarancin albashi, mu ma a gidan burodi ƙarin ya iso mu. Sai dai da mu goma sha biyu ne, yanzu mu bakwai, ga kuma injin kwaɓa fulawa an kawo. Maigidanmu ba ya korar mutum da faɗa. In ya fara tambayarka labarin damina a garinku, to kafin Juma'a ka ɗaure kayanka. Haka ya yi wa Lurwanu, mutumin Mayahi.

Don Allah gonata ta bakin rijiya da za ka ba Isma'ila aro, ka dakata. Ka ajiye mini irin gero tiya biyu. Kada Inna ta ji tukuna.

Jiya da safe ya tsaya kaina yana murmushi, ya ce, "Mumuni, an yi shuka a Kona?"

Allah ya ba mu damina mai albarka.

Ƙanenka,
Mumuni