Audugar Silin a Matashin Inna

Daren Laraba, Kalgo, tsakiyar bazara

Kafinta ya kawo samfuri biyu na abin da za a shimfiɗa ƙarƙashin kwanon ɗakin Inna don rage zafi: ulun dutse mai nauyi, da audugar gilashi mai laushi. Na bar su a zaure na tafi Gwandu. Inna ta tsinci mai laushin, ta cusa a matashinta, ta kwanta a kai. Wuyanta ya yi rudu-rudu, ga tari.

Da na dawo ta ce, "Ɗan nan, wace gona ke fidda auduga mai cizo?"

Kafinta ya ce katakon rufin ba zai ɗauki ulun dutsen ba. Ke nan abin da ya cije ta za mu shimfiɗa bisa kanta. Ban gaya mata ba. Daga nan ɗakina ina jin tarinta.