Gwaggo Ta Ci Ƙulinki, Inna

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta 'ya ga uwa, ina fata kina cikin rahamar Ubangiji da ni'imarsa. Mu nan Funtua lafiya lau muke. Damina ta yi kyau, masara ta fara goyo, jikokinki suna nan da ɓarnarsu yadda kika bar su. Na san masu bibiyar shafina ne za su karanta wasiƙar nan, amma labarin naki ne, kuma babu wanda zai yi mini dariyar da na cancanta in ba ke ba.

A kan Gwaggo ne, tsohuwar zomanyarki mai kunne ɗaya a kwance, wadda kika raɗa wa sunan saboda yadda take yatsine fuska in an zo kusa da ita.

Bayan sadakar arba'in, da aka zo raba kayanki a Malumfashi, kowa ya faɗi abin da yake so. Da aka zo kan zomaye biyar sai aka rasa mai so. Yaya Sani ya ce a yi farfesu kowa ya huta. Ni da na fi kowa yi miki tsiya a kansu, ni ce na ji bakina yana cewa a ba ni. A kwali na ɗauko su cikin bas, fasinjoji suna ta tambaya ko na biki ne.

Kin tuna yadda nake ce miki mutane suna kiwon zomo don miya, ke kina kiwon su don hira? Amsarki ɗaya ce kullum: "Ku kun tafi gidajenku, su suka zauna da ni." A lokacin dariya nake yi.

Huɗun sun saba da gidana cikin kwana uku. Gwaggo ce ta ƙi. In na sa mata ciyawa sai ta ɗan tsakura ta koma lungun keji ta juya mini baya. Haka muka yi ta tafiya har ƙasusuwan bayanta suka fito. Da Yaya Sani ya zo ya gan ta, bai ɓoye mini ba. Ya ce, "Binta, kada ki bari ta zama mushe a hannunki." Ya ba ni mako biyu, ya ce Juma'a ta biyu daga masallaci zai biyo da wuƙa. Na ji haushinsa, amma a zuciyata na san ba mugunta ba ce, haka aka saba yi wa dabbar da ta ɗauko hanyar mutuwa. Ni dai ba zan iya ganin an yanka abokiyar hirarki ba.

Sai na tuna da ƙulin zomo, 'yan dunƙulen nan da kike yi musu, waɗanda in kika kaɗa kwandonsu duk su taso su miƙe da ƙafa biyu. Shekara nawa ina ganinki kina yi, ban taɓa tsayawa na kalla ba. Na ce a raina, ni da ake ɗauka girkin biki a unguwarmu, abincin zomo ne zai gagare ni?

Inna, sai na ɗauki zomayen kamar baƙin biki. Na daka ƙuli-ƙuli, na zuba sukari, na ƙara garin gyaɗa, na mulmula, na soya a mai har gidan ya ɗauki ƙamshi. Huɗun nan marasa wayo suka cinye nasu, suka kwana biyu suna zawo, ina wanke keji ina istigfari. Gwaggo kuwa shinshinawa ɗaya ta yi ta kalle ni. Abin da ya rage jikokinki ne suka cinye, har suna tambaya yaushe za a sake yi wa zomaye.

Da na ga abin ya fi ƙarfina, na kira maƙwabciyarki Maman Nkechi mai sayar da kayan marmari. Sai da ta yi dariya har ta ƙware, sannan ta ce ke ba ki taɓa sa sukari ko mai ko gishiri ba. Ayabar da ta nuna ta fara baƙi da karas kike karɓa a wurinta, ki haɗa da busasshiyar harawar gyaɗa da kika daka kika tankaɗe, da 'yar dusa kaɗan. Ta ce ita ma har yanzu takan ware miki ayabar kafin ta tuna.

Na yi yadda ta ce, na dunƙula manya-manya kamar dakuwa, na shanya yini ɗaya. Da na taɓa na ji sun bushe, sai na juye su a bokitin roba mai murfi, irin wanda ake rabawa a biki da hoton amarya a jiki, na danne murfin don kada ɓera ya shiga. A tsakiyar damina fa, Inna. Kwana uku na buɗe, fumfuna ta rufe su fari fat, wari ya bugi hancina. Bayansu ne kawai ya bushe, cikin ɗanye ne. Na haƙa rami na binne don kada kaji su ci. Abin da ya fi ba ni haushi, ko a ranar da na yi su suna sababbi, Gwaggo ba ta taɓa ba.

Ranar Laraba, saura kwana biyu, na kira ƙanwarki Hajiya Ladi ta Kafur ina ƙorafi kamar zan yi kuka. Ta bar ni na gama, sannan ta tambaye ni a wane turmi na daka. Na ce turmina mana, na girki. Ta ce wanda nake daka yaji da daddawa? Sai a lokacin na tuna ƙaramin turminki da kike kifewa a bayan ƙofa, wanda kika taɓa bina da muciya don na jefa tattasai a ciki. Kika ce, "Hancinsu ya fi naki aiki." Hajiya Ladi ta ce turmin yana wurinta, ita ta ɗauka ranar rabo, in zo in karɓa.

Da sassafe ranar Alhamis na hau bas zuwa Malumfashi, daga nan na kama ta Kafur. Ta fito mini da turmin da taɓaryarsa, sannan ta miƙa hannu ta sauko da wani abu daga azarar ɗakinta. Kwandon nan naki na kaba ne, bakinsa ɗaure da tsohon ɗankwalinki mai ruwan ƙasa. Ta ce yadda ta same shi a rataye a ɗakinki haka ta rataye shi a nata, ba ta iya buɗewa ba.

Muka buɗe tare. Ƙulinki guda uku ne suka rage a ƙasa, a kan farar takarda. Wata huɗu ke nan suna ciki, amma ko ɗigon fumfuna babu. Sirara ne, masu faɗi kamar kwabo, in ka buga biyu sai su yi ƙara kamar tsakuwa. A tsakiyar kowanne akwai ɗan lotsawa, inda kika danna da babban yatsanki don cikin ya bushe da wuri. Zanen yatsanki yana nan sarai.

Ɗaya na karya a nan take, muka duba cikinsa a rana kamar masu sayen zinare. Harawa ce ta fi yawa, ayabar ɗan abin da zai riƙe ce kawai. Ashe ni kunun ayaba na yi musu.

Ranar Juma'a da hantsi na tsuguna gaban keji da na biyun a tafin hannuna. Sai da na yi jim, don ban so rabuwa da shi ba. Gwaggo ta ɗaga kunnenta mai lafiya, hancinta ya shiga rawa. Ta taho a hankali, ta karɓa, ta zauna ta gurgure shi tas. Da ta gama ta leƙa hannuna ta ga babu ƙari, sai ta juya ta kama cin harawar da ta kwana biyu tana rainawa. Inna, na yi kuka na yi dariya a lokaci ɗaya, har maigidan ya fito yana tambaya ko lafiya.

Yaya Sani ya zo bayan masallaci da wuƙarsa naɗe a jarida. Ya daɗe tsaye yana kallon ta tana ci. Ya ce, "Taurin kai dai har na Inna ta gada." Ya mayar da wuƙar aljihu, ya ci tuwo malmala biyu, ya tafi.

Yanzu na iya. A turminki nake dakawa, in yi su sirara, in danna tsakiya. In akwai rana su kwana uku a faifai da raga a kai saboda ƙuda. In hadari ya haɗu, in jera su a kasko kan garwashin da ya kusa mutuwa, ina juyawa har su yi ƙara. Sai sun huce sarai nake sa su a kwando in rataye inda iska ke wucewa. Ɗaya a rana kowa yake samu, don marmari ne, ciyawa da harawa su ne abinci. Gwaggo tana karɓar nawa, duk da sai ta yi mini kallon nan nata tukuna. Ta fara cikowa.

Na ukun yana nan, ban ba kowa ba. Na naɗe shi a ɗankwalinki. Jiya na ɗora babban yatsana a cikin gurbin naki, sai na ga ya zauna daidai. Ban taɓa sanin hannunmu iri ɗaya ne ba, Inna, don ban taɓa zama kusa da ke na duba ba. Ki yafe mini dariyar da na yi miki. Yanzu ni ma da yamma nakan ja kujera gaban kejin in ba su labarin yinina.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya yalwata miki shi. Yadda kika tausaya wa 'yan ƙananan bayinsa da ba sa iya roƙo, Allah Ya tausaya miki fiye da haka, Ya haɗa mu a Aljanna Firdausi. Amin.

'Yarki mai kewarki,
Binta