Inna, Ki Faɗa wa Likitan Haƙori Abin da Kika Ɓoye

Assalamu alaikum Inna. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan kun sauka Yamai lafiya, ke da ƙanwata Hadiza. Ya gajiyar hanya, ya baƙunta? Na san ba kya karatun boko, ni ma nawa lakkol ɗin bai wuce aji huɗu ba, amma Hadiza za ta karanta miki a waya. Yaya Sani ma yana leƙa shafin nan nawa na intanet, kuma ina so ya gani.

Tun ranar da kika hau kar, babbar motar Yamai, unguwarmu Kara-Kara ba ta da zance sai na Yaya. Wai ya kai uwarsa a dasa mata haƙora, irin waɗanda ake kafa ƙusar ƙarfe a cikin ƙashi a ɗora haƙori a kai, ba cirewa ba mayarwa. Mai shayin bakin layinmu har cewa ya yi Allah ya ba kowa ɗa irin Sani. Na ce amin. Shayin ban shanye ba.

Kin tuna shekarar da haƙoranki huɗu na gaba suka zube? Kika daina zuwa biki garin Garagumsa, in za ki yi magana sai kin kai bakin mayafi baki. Lokacin shekarata biyu kacal a shagon haɗa haƙoran roba. Sau uku na ɗauki awon bakinki, kina kakarin amai kina ce mini mugu. Na zuba filasta, na jera haƙora a kan kaki, na rushe, na sake jerawa. Mai shagon ya ce na cika naci. Wushiryarki nake nema, wadda ke cikin tsohon hotonku da Baba. Na bar ta daidai yadda tsinken tsintsiya zai wuce. Farin ma ban ɗauki mai ƙyalli ba, na zaɓi mai ɗan ja irin na masu cin goro, don kada a ce tsohuwa ta aro bakin budurwa.

Da kika sa, kin duba madubi kin ce, "Ba laifi." Shi ke nan.

Shi kuwa Yaya, da ko sunansa ba kya kamawa don ɗan fari ne, waya ɗaya ya bugo kan zancen dashen kika zaga gida uku kina ba da labari. Ina tsaye a zaure ina kallonki kina dariya, da haƙoran da na yi miki. Ba zan yi miki ƙarya ba, Inna, ya ci mini rai, har yau yana ci.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki waya ba.

Shekara shida ina kula da bakin nan. Sau uku na ƙara wa robar ciki saboda ta yi sako-sako, kuma roba ba ta girma, ƙashin ne ke ja da baya. Wannan kam likita zai gan shi a hoto, na ji ma akwai garin ƙashi da suke cikawa a jira wata da watanni ya kama. Abin da hoto ba zai nuna masa ba shi ne sugan da ke jininki. Na ga bakuna da yawa a shagon nan. Mai suga in bai daidaita ba, ko ƙaramin gurzuwa a dasashi sai ya daɗe bai rufe ba, balle a huda ƙashi a kafa ƙarfe. Ke kuma in kin ji ƙarfi kwana biyu sai ki ajiye magani a bayan kwalla, ki sha kunu da zaƙinsa.

Ranar da aka gaya mana a asibiti kina da suga, kin riƙe mini hannu a bakin ƙofa kin ce, "Kada wancan ya ji, abin da ke kansa ya ishe shi." Na riƙe miki shekara uku.

Na kira Yaya ranar Talata, na fara cewa akwai abin da ya kamata likita ya sani. Bai bari na kai ƙarshe ba. Ya ce likita ya fi ni sani, in tsaya a kan robata. Sai na ajiye wayar. Kwana biyu ina goge haƙoran mutane a shago, zuciyata tana raya mini cewa in aikin bai kama ba, ai wurina za ki dawo. Na bar wannan tunanin ya zauna har kwana biyu, Inna. Ki yafe mini shi kafin ki yafe mini tonon asirin.

Wataƙila likitan zai auna jininki da kansa. Wataƙila kuma tambaya kawai zai yi, ni kuwa na san amsarki: lafiya lau. Shi ya sa na faɗa a nan, inda ba mai katse ni. Hadiza, takardar maganin tana cikin aljihun jakar Inna na ciki, naɗe a leda. Ki miƙa wa likita kafin a taɓa ta. In ya ce a jira, a jira.

Na san za ki yi fushi, mai yiwuwa ki ƙi ɗaukar wayata. Na yarda. Gara ki dawo kina fushi da ni da lafiyayyen baki, ko da yabon duka na Yaya ne.

Allah ya ba likitan sa'a a hannunsa, ya sa ƙashin ya karɓi abin da za a dasa, ya rufe ciwon da wuri. Allah ya saka wa Yaya da alheri, ni kuma ya wanke mini zuciya. Amin.

Ɗanki,
Laminu, daga Damagaram.