Rigar da na sa ka saka

Zuwa ga Malam, Baban Sali,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Shekara uku ke nan da rasuwarka, har yau akwai abin da na kasa ganewa.

Ka tuna shekarar da aka kawo injin casar shinkafa unguwar Mbamoi, kai ne mai kula da shi, aka ce manya za su zo daga Maiduguri su gani? Ka fito da 'yar shara, na tare ƙofa na ce ba za ka kunyata ni a gaban baƙi ba, sai ka sa babbar riga. Ka yi dariya ka ce, "Inji bai san babban mutum ba." Amma ka saka, don ka san halina, in na kafe na kafe.

Bambaro ya toshe injin. Ka ji nauyin kashe shi baƙi na kallo, ka miƙa hannu yana gudu. Bel ɗin da ke juya injin ya kama hannun rigar. A asibitin Yola aka yanke maka daga gwiwar hannu.

To, laifin wa? Ni da na tare ƙofa, ko kai da ka ƙi kashe inji? Shekara da shekaru kana zaga masu inji daga Sangere har Jimeta, kana cewa a kashe shi kafin a taɓa, a zaƙulo da sanda, kada a cire murfin bel. Kana cewa a tuɓe babbar riga, amma ko sau ɗaya ba ka faɗi wanda ya sa ka saka ba. Yafewa ce, ko fushin ne ya fi ƙarfin magana? Wallahi ban sani ba, kuma abin yana cina.

Ɗanmu Sali ya samu aikin inji a Jimeta, gobe zai fara. Ya roƙi shuɗiyar babbar rigarka ta Sallah, wai ya shiga da albarkarka. In hana shi rigar ubansa? In ba shi?

Na ɗauki almakashi, Malam. Na mayar da ita 'yar shara, ina yanka ina kuka. Da ya tambaye ni dalili, na gaya masa wanda ya tare ƙofa.

Allah ya haskaka kabarinka, ya dawo mini da Sali da hannu biyu.

Taka,
Dudu