Maganin yana firizarmu, ƙanwata tana kwance

Malama, ki taimaka mini da shawara, kaina ya ɗaure.

Ina aiki a ɗakin binciken magunguna a ƙasar waje, na daɗe rabona da gida. Abin da muke haɗawa, gam muke ce masa. Kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana da injin niƙe shara. Maganinmu kan manna furotin ɗin da ciwon daji ke rayuwa da shi a jikin wani furotin mai yi wa shara alama, sai ƙwayar ta niƙe shi da kanta.

Ranar da ya fara aiki a farantin gwaji, murna ta sa na tura wa 'yan gidanmu hoton, na ce ga ciwon daji yana mutuwa. Ba a jima ba likita ya gano autarmu tana da shi a ɓargo. Tun daga nan Yayanmu ke bugo waya in zuba kaɗan a ambulan in aiko. Na ce ɓera kawai aka taɓa bai wa, ya ce ashe ɓera ya fi 'yar'uwata daraja.

Tsawon zamana a nan ba wanda ya tambayi abin da nake yi, yau na zama mai ɓoye magani. Amma ban ga laifinsa ba, shi ke kwana a bencin asibiti. Garin maganin yana firiza, makullin yana wuyana. Autar tamu kuwa ta daina ɗaga wayata. In aika?

Mai Haɗa Gam

Ɗan'uwa, Allah ya ba ta lafiya. Kada ka aika.

Ka fi ni sanin cewa gam ba shi da ido. Yadda ya manna mugun furotin, yana iya kama wanda zuciyarta ko jininta ke buƙata, ya kai shi injin. Ba wanda ya san nawa jikin mutum zai ɗauka. In ta sha wani abu ya faru, kai da Yayanku ba za ku sake iya haɗa ido ba.

Shi ma ba wauta yake yi ba. Hoto ya gani, da kalamanka a ƙasansa. Ka yi masa bayani kamar yadda ka yi mini, ba da muryar malami ba.

Sannan kana da abin aikawa. Ka karɓi sakamakon gwaje-gwajenta, ka nemi magana da likitanta. Akwai magungunan wannan dangin da aka riga aka amince da su, ka tambaye shi ko ɗaya ya dace da ita, da inda ake samunsa.

In za ka samu hutu, ka je. Ka ajiye makullin nan, ka karɓi Yaya a bencin ya je ya yi barci. Wanda ke zaune a bakin gadonta ba ya buƙatar ta ɗaga masa waya.

Allah ya kai ka lafiya, ya tashi kafaɗunta.