Gyangyaɗin Khaulat

Utai, 4 ga Yuli

Yaya Mas'uda,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, da maigida da yara. Yaya ciwon ƙafar nan? Allah Ya ƙara sauƙi.

Yaya, ke da kika shekara ashirin da alli a hannu, ki ba ni shawara. Akwai wata yarinya a ajina na biyar, Khaulat. Da na buɗe baki sai ta rufe ido ta kama gyangyaɗi, kamar muryata maganin barci ce. Littafinta fayau, jarrabawa kuwa ba a magana. Hedimasta ya ce sai ta maimaita aji. Babanta, Malam Gwadabe, ya ce in dai maimaici ne ya cire ta, ta zauna ta taya uwarta tsinkar zogale. Sa hannuna kawai ake jira ranar Litinin, ni kuwa zuciyata ta ƙi kwanciya.

Ƙanwarki,
Rahinatu

Utai, 15 ga Yuli

Yaya Mas'uda,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, kafin amsarki ta iso Allah Ya kawo tasa.

Ranar Litinin ɗin an fita tara, na bi ta bayan aji sai na ji ana koyar da darasina na zagayowar ruwa, kalma bayan kalma, har da 'yar gyaran muryata da «kun gane ko?» ɗin da kike tsokanata da shi. Na leƙa, Khaulat ce ta tara ƙawayenta, ido a rufe tana rangaji. Ashe rangajin hadda ne irin na Islamiyya, wanda ni da ke muka yi a gaban Malam Isyaku, na kasa gane shi don na gan shi a makarantar boko.

Na roƙi hedimasta ya bari na karanta mata tambayoyin jarrabawar da baki, ta ci sha takwas cikin ashirin. Karatun takarda ne ke mata nauyi, yanzu kullum muna yinsa da ƙarfi a gindin darbejiya. Na kira babanta ya zauna ya saurara. Da ta gama sai ya tambayi littattafan da ake bukata a aji shida.

Jiya na nemi gafararta, domin sau da yawa na sa ta durƙuso a gaban teburina. Ta ce in daina damuwa, ita daɗi take ji, don a nan ne ta fi jin muryata sosai. Yaya, kuka na yi, ban ɓoye mata ba.

Ki gaishe min da kowa da kowa. Allah Ya bar mu tare.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Rahinatu